Excel ya ce kwana 43, Access ya ce 12: wanne za mu kai wa kwastoma?

Akawun Ijora: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Masana kwamfuta, don Allah ku zo ku raba mu. Sito muke da shi a wajen Ijora, inda 'yan kasuwarmu ke sauke kayan da suka fito daga Apapa da Tin Can kafin a samu tirelar Kano ko Kaduna. Kuɗin ajiya a kan kwana muke caji. Tun da can da Excel muke aiki, sai Oga ya sa wani yaro ya haɗa mana rumbun bayanai na Access, aka kwashe komai aka zuba a ciki. Na zo daidaita lissafin farkon 2024, abu ya ƙi haɗuwa. Kaya sun shiga 04/03/2024 sun fita 11/03/2024 a takarda, Excel ya ce 8. Na buga ranakun da hannuna a Access, ya ce 7. Wasu sun shiga 04/03 sun fita 15/04, Excel 43, Access 12. Wasu kuma 05/03 zuwa 20/03, Excel 16, Access ya ba ni -44, wato kamar sun fita kafin su shigo. Ga kuma fayil ɗin reshenmu na Kano, shi duk ranakunsa sun koma 2020. Oga yana jiran rahoto ran Litinin.

Ɗan Obalende: Wa alaikumus salam Yaya. Wannan ai sanannen abu ne, Excel ne ke da cuta. Yana ɗaukar 1900 a matsayin shekarar da Fabrairu ke kai 29, alhali ba haka ba ne. Kwana ɗayan da kake gani ke nan. Ka bi Access kawai.

Injiniyan Ikeja: Ƙanena, labarin gaskiya ne, amma ba shi ne ciwon Malam Akawu ba. E, Excel yana da 29 ga Fabrairu 1900, ranar da ba a taɓa yin ta ba. A wurinsa lamba 1 ita ce 1 ga Janairu 1900, lamba 60 ita ce waccan ranar ta bogi. Access kuwa sifilinsa 30 ga Disamba 1899 ne, an ja shi baya da kwana ɗaya, don haka daga 1 ga Maris 1900, wato lamba 61, su biyun kansu ɗaya har yau. 4 ga Maris 2024 a Excel 45355 ce, a Access ma 45355 ce. Sai in a siton naku akwai buhun da ya shiga tun kafin a haɗe Kudu da Arewa.

Ɗan Obalende: To amma ni na gani da idona. Mun ɗauki lambobin Excel mun zuba a rumbun bayanai a wajen aikinmu, kowace rana ta ƙaru da kwana biyu.

Injiniyan Ikeja: Wane rumbun?

Ɗan Obalende: SQL Server.

Injiniyan Ikeja: Yauwa, wannan daban. SQL Server sifilinsa 1 ga Janairu 1900 ne. Excel ya ba wannan ranar lamba 1, ga kwana ɗaya. Sannan SQL Server bai san da 29 ga Fabrairu 1900 ba, ga na biyu. Ka ba shi 45355 tsurarta zai ce maka 6 ga Maris 2024. Ka rage 2 kafin ka juya, ko ka ƙirga daga 30 ga Disamba 1899, shi ke nan. A can kana da gaskiya. A nan Access ne.

Baba Tsohon Akawu: Ku bar ɗora wa Excel laifin da ya gada. Mu da muka yi aiki da manhajar lissafi ta Lotus 1-2-3 a ofisoshin Marina lokacin allon kwamfuta baƙi ne da koren rubutu mun san tushen abin. Lotus ya fito a 1983, shi ne sarki, kuma shi ya fara ƙirga waccan rana. Da Excel ya zo neman kasuwa, dole ya buɗe fayilolin mutane ba tare da ranakunsu sun goce ba, sai ya ɗauki abin yadda ya same shi. Microsoft da kansu sun faɗi haka. In suka gyara yau, kusan kowace rana a kowane tsohon fayil a duniya za ta motsa da kwana ɗaya. Wa zai biya wannan ɓarnar? Ƙa'idar kalandar kuwa tun 1582 take: shekarar da ta ƙare da sifili biyu ba ta samun ƙarin kwana sai in 400 ta raba ta daidai. Shi ya sa 2000 ta samu, 1900 ba ta samu ba.

Akawun Ijora: Allah ya ƙara girma Baba. To Injiniya, in ba wannan ba ne, mene ne nawa?

Injiniyan Ikeja: Cuta uku ce ta haɗu maka, kowace da maganinta. Mu fara da mai sauƙi. Danna gidan da ke ba ka 8 a Excel, ka turo mini fomular da ke sama. Sannan ka tambayi yaron abin da ya rubuta a Access.

Akawun Ijora: Excel: =B2-A2+1. Yaron ya ce DateDiff ya sa, wato umarnin Access na auna tazarar ranaku, da harafin d mai nufin kwana.

Injiniyan Ikeja: To ka ga babu wanda ya yi ƙarya. Wanda ya haɗa Excel ɗinku ya ƙara 1 don a ƙirga ranar shiga da ranar fita duka. DateDiff kuwa sau nawa aka tsallake ƙarfe 12 na dare yake ƙirgawa. Daga Litinin 4 ga wata zuwa Litinin 11, dare bakwai ne, rana takwas.

Maman Hanifa: Kamar suna ke nan. Jaririn da aka haifa ran Litinin, ran Litinin ake masa suna, mu mu ce kwana bakwai, maƙwabtanmu Yarbawa a Agege su ce rana ta takwas, kuma duk rago ɗaya za a ci.

Alhajin Albasa Mile 12: Tsaya tsaya. Malam Akawu, wato duk shekarun nan kwana ɗaya kuke ƙara wa mutane? Ni ba a wurinku nake ajiya ba, amma a madadin 'yan kasuwa nake magana. Kaya su shigo bayan isha'i saboda cunkoson hanyar Apapa, ku rubuta wannan ranar cikakkiya, su fita da asuba, ku sake rubuta ta cikakkiya? Na'urar da ta ce 7 ita ce mai tsoron Allah.

Akawun Ijora: Ranka ya daɗe Alhaji, haka muka tarar da tsarin, kuma yana rubuce a bayan rasit. Ranar da kayanka suka shigo mun hana wani wurin, lebura sun sauke, mai gadi ya kwana a kai.

Alhajin Albasa Mile 12: Ranar fita fa? Mai gadi ya kwana a kan me?

Baba Tsohon Akawu: Alhaji, wannan ciniki ne, ba lissafi ba. Otal dare yake ƙirgawa. Mai ba da hayar wuri yakan ƙirga rana. Kowanne halal ne in an faɗa wa mutum tun farko ya yarda. Abin da ba ya halatta shi ne sito ɗaya ya ba mutum biyu rasit iri biyu saboda ɗaya ya faɗo a hannun mai Excel, ɗaya a hannun mai Access. Ɗana Akawu, wannan ba kai za ka yanke ba, ba kuma yaron ba. Oganku ya zaɓa, a rubuta, sannan a sa na'urorin biyu su bi.

Injiniyan Ikeja: Haka ne Baba. In an zaɓi na bayan rasit, a ƙara 1 a kan DateDiff. Amma akwai wani rami a gefen nan. Malam Akawu, mai get ɗinku yana sa lokaci tare da rana?

Akawun Ijora: Tun Fabrairu muka ce ya riƙa sawa, saboda rigimar direbobi.

Injiniyan Ikeja: To saurara. A Excel lokaci ɓangaren rana ne, 12 na rana 0.5 ce, 6 na yamma 0.75. Kaya su shiga 4 ga Maris ƙarfe 11 na dare, su fita 11 ga Maris ƙarfe 6 na safe. Fomularku za ta ba da 7.29. In gidan an saita shi kada ya nuna abin da ke bayan ɗigo, 7 za ka gani, amma da 7.29 zai ninka kuɗi. A ce kwana naira 5,000 ne, rasit zai fito 36,458, ba 35,000 ba, ba 40,000 ba, ka rasa daga ina ta fito. Access da aka ƙara masa 1 zai ce 8. Gyaran shi ne ka sare lokacin kafin ragi: =INT(B2)-INT(A2)+1. Kuma ka gaya wa yaron ya sare da Int ko DateValue, kada ya taɓa CLng, domin shi yana kai lamba ga mafi kusa ne, duk abin da ya wuce tsakar rana zai tura shi gobe.

Akawun Ijora: Wallahi na sha ganin irin waɗannan kuɗaɗen masu wutsiya, mai karɓar kuɗi yakan share wutsiyar da biro. To 43 da 12 fa? Wannan ne ya fi tayar mini da hankali.

Na Computer Village: Bari in sa baki a nan, wannan layina ne. Yawancin kwamfutocin tokunbo da muke sayarwa da saitin Amurka suke zuwa, wata kafin rana. Ba kowa ke canzawa ba. Ka buga 04/03/2024 da nufin 4 ga Maris, ita ta ajiye 3 ga Afrilu, kuma ta nuna maka 04/03/2024 ɗin da ka buga, ka ɗauka lafiya. Ka buga 15/04/2024, ta duba ta ga babu wata na 15, sai ta bar shi a matsayin rubutu kawai. Alamar da ake gane shi: in ba a taɓa jerin ba, rana ta gaskiya tana manne da dama, rubutu yana manne da hagu. Ko ka gwada da ISNUMBER, in rana ce ta gaskiya zai ce TRUE. Ni ina zargin laptop ɗin get.

Injiniyan Ikeja: Zargi mai kyau, amma duba lissafin. Daga 4 ga Maris zuwa 15 ga Afrilu kwana 42 ne, da ƙarin 1 ya zama 43. Ke nan Excel ya karanta daidai. Daga 3 ga Afrilu zuwa 15 ga Afrilu 12 ne. Juyawar a hanyar shiga Access ta faru. Na ukun ma haka: 05/03 ta zama 3 ga Mayu, daga nan ka dawo 20 ga Maris, -44 cif.

Na Computer Village: Ai Access ɗin ma a kan kwamfuta yake, saitinta zai bi.

Injiniyan Ikeja: A fom, inda mutum ke bugawa da hannu, yana bin saitin Windows. Shi ya sa da Malam Akawu ya buga da hannunsa ya sami 7, bai sami shirme ba. Amma a cikin umarnin SQL, wato harshen da ake ba rumbun bayanai umarni da shi, duk ranar da aka sa tsakanin alamar # biyu, Access wata kafin rana yake karanta ta, ko da kwamfutar tana kan saitin Najeriya ko Ingila. Muguntar abin ita ce in ya ga 15/04 ba ya ƙorafi, sai ya juya da kansa ya karanta daidai. Don haka daga 13 ga wata zuwa ƙarshe komai lafiya, daga 1 zuwa 12 ne ake yanka. Ranaku 12 sau wata 12 ya ba da 144, ka cire 12 da rana da wata suke lamba ɗaya irin 03/03, saura 132 a shekara da za su iya juyewa shiru. Mai gwaji ya gwada ran 20 ga wata, ya ce aiki ya yi.

Akawun Ijora: Na kira yaron ya karanto mini. Yana ɗauko ranar daga Excel a matsayin rubutu, ya liƙa mata # gaba da baya, ya tura. ISNUMBER kuma TRUE ya ba ni a layukan da na gwada a nawa fayil ɗin.

Na Computer Village: To na janye a kan naka. Amma duk da haka a duba ta get ɗin, ina nan a kan bakana.

Ɗan Obalende: Ai gyaran da sauƙi, a rubuta umarni ɗaya ya juya rana da wata a duk rumbun.

Maman Hanifa: A'a ƙanena, kada ka jefa bawan Allah a rijiya. Waɗanda aka buga da hannu ta fom daidai suke. In ka juya duka ka gyara rabi ka ɓata rabi, kuma daga nan ba mai iya gane wanne ne wanne.

Injiniyan Ikeja: Anti ta faɗi gaskiya. Tunda Excel ɗin asali yana nan kuma ya dace da takardun get, a adana kwafin rumbun, a goge abin da aka shigo da shi ta wancan umarnin, a sake shigowa. Wannan karon ko dai a haɗa Access da fayil ɗin kai tsaye ranar ta wuce a matsayin rana, ko a rubuta ta shekara, wata, rana: 2024-03-04. Wannan tsarin ISO 8601 ne, Access ba ya juya shi. Ni a duk aikina, rana ba ta ƙetare daga manhaja zuwa manhaja sai a wannan siffar.

Admin: Masu turo tallan data da sitika, a dakata har a gama wannan. Mun goge uku.

Akawun Ijora: Saura na Kano.

Injiniyan Ikeja: Ba ni misali ɗaya, abin da takarda ta ce da abin da ka gani.

Akawun Ijora: Takarda 4 ga Maris 2024. Allo 3 ga Maris 2020.

Injiniyan Ikeja: Shekara huɗu da kwana ɗaya, kwana 1,462. An haifi fayil ɗin nan a tsohuwar Mac, ko an gaje shi daga wanda aka yi a can. Excel yana da tsarin ƙirga na biyu da ke farawa daga 1 ga Janairu 1904, shi tsofaffin Mac suke bi, kuma saitin yana bin fayil ne duk inda ya je. A wancan tsarin 4 ga Maris 2024 lambarta 43893. Aka kwafo lambar tsurarta zuwa naku mai bin 1900, ta zama 3 ga Maris 2020. Yawan kwanakin bai canza ba tunda shiga da fita tare suka ja baya, shi ya sa bai nuna a kuɗi ba, sai a rahoton wata. Ka ƙara 1462 a kan kowace ranar da ta zo daga can. Kada ka je ka cire alamar 1904 a fayil ɗin mutanen Kano kai tsaye, duk ranakun da ke ciki za su zame a idonsu, su kira ka da zagi.

Maman Hanifa: Tunda an buɗe babin, bari in ƙara nawa, don masu aikin albashi da fansho. DateDiff da yyyy, wato zaɓin shekara, ba shekarun mutum yake ba ka ba, sau nawa aka shiga sabuwar shekara yake ƙirgawa. Wanda aka haifa 20 ga Disamba 1964, ran 5 ga Janairu 2024 Access zai ce 60, DATEDIF na Excel zai ce 59, kuma 59 ɗin ce gaskiya. A aikin gwamnatin tarayya da ake ritaya a shekara 60 ko bayan shekara 35 ana aiki, wannan kusan shekara guda ce ta albashin mutum. Wata ma haka: 31 ga Janairu zuwa 1 ga Fabrairu, DateDiff ya ce wata ɗaya, DATEDIF ya ce sifili. Na taɓa karɓar jerin ma'aikata daga wani ofis an ja wa mutum huɗu layi wai lokacinsu ya yi, duk 'yan ƙarshen shekara ne.

Ɗan Obalende: Ke nan a nan Excel ne mai gaskiya. Ni fa na rikice, Anti.

Maman Hanifa: Tambaya biyu ce daban, kowa ya amsa tasa. Shi ma DATEDIF ɗin ba waliyyi ba ne. Daga Lotus aka gado shi, kuma Microsoft sun yi gargaɗi a kan zaɓinsa na MD mai ƙirga ragowar kwanaki bayan cikakkun watanni, yana iya ba da lamba mara kan gado a ƙarshen wata.

Baba Tsohon Akawu: 'Yata, ki ƙara musu da DAYS360, mai ɗaukar kowane wata kwana 30, shekara 360. YEARFRAC ma in ba ka gaya masa komai ba wannan yake bi. Na ga yaro ya ɗauko shi ya lissafa kuɗin haya saboda sunan ya yi masa kyau.

Alhajin Albasa Mile 12: Ni duk wannan Turancin ya wuce ni. Tambaya ɗaya: wanda aka caja 12 maimakon 43, za ku bi shi ya cika? Wanda kuma aka caja fiye, za ku mayar masa?

Akawun Ijora: Rasit daga Excel muke fitarwa har yanzu, Alhaji, Access rahoto kawai yake ba Oga. Ba a cuci kowa da wannan ba. Masu wutsiyar nan ne zan tattara in kai masa, don wasu an rage musu wasu an ƙara.

Injiniyan Ikeja: Kafin ka kai rahoton, abu biyu. In yaron ya tace watan Maris da Between 1 ga wata zuwa 31, duk abin da ya fita ran 31 da lokaci a jikinsa zai zube, domin 31 tsurarta tana nufin 12 na daren da ranar ta fara. Ya ce daga 1 ga Maris, ƙasa da 1 ga Afrilu. Na biyu, in wata rana kuka koma manhajar da ke ajiya a intanet, yawancinsu da agogon duniya na UTC suke rubutawa, mu kuma muna gaba da awa ɗaya duk shekara. Tirelar da ta fita 12:30 na dare a Legas za ta zauna a 11:30 na daren jiya. Ku da kuke lodi da dare, wannan zai dawo muku da rigimar kwana ɗaya ta wata ƙofar.

Na Computer Village: Malam Akawu, ka duba laptop ɗin get ɗin kuwa?

Akawun Ijora: Yanzu na dawo daga can. Tana kan saitin Amurka. Ashe mai get a littafi yake rubutawa, yarinyar ofis ta shigar a tawa kwamfutar, shi ya sa muka tsira. Amma makon jiya aka ce ya fara bugawa da kansa.

Na Computer Village: Na faɗa muku. Ka shiga Region a Control Panel ka mayar da ita Najeriya ko Ingila, ka rufe Excel ka sake buɗewa. Abin da ya riga ya buga ba zai gyaru da kansa ba, sai an bi littafin layi-layi.

Akawun Ijora: An sake shigo da Janairu zuwa Afrilu da tsarin shekara, wata, rana. Na sa INT a Excel, yaron ya ƙara 1 a Access, na Kano an ƙara musu 1462. Na jera sakamakon biyu gefe da gefe na rage ɗaya daga ɗaya, duk sifili sai layi shida. Biyar babu ranar fita, kayan suna ciki har yanzu, Excel ya ɗauki gidan da ba komai a matsayin sifili ya ba da wata ƙatuwar lamba mai ragi, Access ya bar wurin fayau. Na shidan an rubuta 31/04/2024.

Maman Hanifa: Afrilu ba ta kai 31. Duba takardar direba, ko 30 ce ko 1 ga Mayu.

Alhajin Albasa Mile 12: In ba a ga takardar ba a sa 30. Kuma ka gaya wa Oganku maganar ranar fita ba ta mutu ba, zan tayar da ita a taron ƙungiya.

Akawun Ijora: Zan isar, ranka ya daɗe. Injiniya, biyar ɗin da ke ciki, da ranar yau zan ƙirga musu ko da ranar rufe wata?

Injiniyan Ikeja: Ranar rufe wata, ka buga ta da hannu a gida ɗaya duk su duba can. In ka sa TODAY, rahoton da ka buga ran Asabar ba zai yi daidai da wanda Oga zai buɗe ran Litinin ba.